Akushin da Aka Ɗinke da Waya

Akwai wani mai zane a ƙasar Amurka, a zamanin da. Maigidansa ya aike shi gida-gida ya zana tsofaffin kayan adon ɗaki da fentin ruwa, don ko kayan sun lalace, jikoki su ga kamanninsu. Umarni ɗaya ya ba shi: abin da idonsa ya gani shi zai zana, kada ya ƙara, kada ya rage.

Mutumin nan gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Nan matsalar take.

Wata rana ya isa gidan wata tsohuwa gwauruwa. Ta fito masa da akushin katako mai zanen furanni, wanda aka kai ta ɗakin miji da shi. Akushin ya taɓa tsagewa, mijinta ya ɗinke shi da waya, ga ɗinkin nan ɓaro-ɓaro. Mai zane ya duba ya yatsine fuska, a ransa ya ce wannan ɗinki zai ɓata masa aiki. Sai ya zana akushin sumul, ba tsaga ba waya, ya naɗe takardarsa ya tafi.

Bayan shekara biyu gobara ta cinye gidan tsohuwar, ba ta tsira da komai ba sai tufafin jikinta. Ta yi tafiyar kwana uku zuwa inda ake ajiye zane-zanen, ta roƙa a nuna mata akushinta ko sau ɗaya. Mai zane ya warware takarda da fara'a, yana jiran yabo.

Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Ɗana, wannan kyakkyawa ne, amma ba nawa ba ne. Ina hannun mijina?"

Ta juya ta tafi tana share hawaye.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Akushin rayuwarka ce, ɗinkin kuwa wurin da ka karye Ubangiji ya gyara ka. Mu ma ai gwanayen fenti ne. Ran Lahadi mukan shigo majami'a sumul, mu tashi ba da shaida kamar ba mu taɓa faɗuwa ba, abin yana ba ni takaici ƙwarai. Duk wanda ya ɓoye tsagarsa, ya ɓoye hannun da ya ɗinke shi. Yau ɗin nan akwai wanda yake zaune kusa da kai a karye, ya zo neman tabbacin cewa Allah yana gyara mutum. In ya dube ka bai ga ɗinki ba, zai koma gida yadda ya zo.