Wayar Cok da Ta Raba Wa da Ƙane

Akwai wani manomi da ya gaji tsohuwar akori-kura daga mahaifinsa, shi da ƙanensa Yunana. Da ita suke kai citta kasuwa. Shi wan ne ke riƙe da makulli, amma Yunana ne ya fi tuƙi.

A gefen sitiyarin motar akwai wani ɗan maɗanni da ake kira cok. In gari ya yi sanyi, sai a jawo shi kafin a tayar da mota. Wata siririyar waya ce ke tafiya daga jikinsa zuwa kafireta, inda mai da iska suke haɗuwa, ta rufe wani ɗan marfi don mai ya fi iska yawa. In inji ya ɗumama, sai a mayar da maɗannin, marfin ya buɗe, iska ta shiga.

Wata safiya a ƙarshen damina, Yunana ya ja cok, ya tayar da mota, ya mayar da maɗannin kamar kullum, ya tafi kasuwa. Da yamma ya dawo motar tana tari, tana zuba baƙin hayaƙi. Man da yakan kai su ya dawo da su har ya yi saura, ranar da kyar ya kawo shi gida.

Wansa ya duba maɗannin cok, ya ga yana wurinsa. Sai ya juya ya ce, "Ka zuƙe fetur ka sayar, ka cika mini tanki da kananzir."

Yunana ya ce, "Yaya, ni? Ban taɓa man nan ba."

Wan ya ce, "To, wa ya tuƙa ta?" Ya karɓe makullin a gaban matansu.

Maganar ta kai ga dattawan ikkilisiya, suka zaunar da su biyun. Manomin ya ce, "Na yafe masa." Ya miƙa hannu suka gaisa. Amma daga ranar bai ƙara cin abinci tare da ƙanensa ba, in sun haɗu a ƙofar gida sai ya kau da kai. Bayan girbi Yunana ya ɗauki matarsa Rifkatu, suka koma garin iyayenta.

Manomin ya wanke tanki, ya zuba mai mai kyau, ya sake fulogi. Hayaƙi bai daina ba. Ya ce, "Ya riga ya kashe mini inji." Ya ajiye motar a gindin ɗorawa, ta yi shekara biyu a can.

A shekara ta uku citta ta yi kyau ƙwarai. Ana cikin tono sai saƙo ya zo cewa Yunana yana kwance ba lafiya. Manomin ya ce, "In na gama kwashe amfanin gona zan leƙa shi." Sa'an nan ya kirawo wani tsohon makanike ya ga ko motar za ta tashi.

Tsohon ya sa batir, ya tayar da ita, ya tsaya yana kallon hayaƙin. Ya kashe ta, ya buɗe kan kafireta, ya ce, "Shiga ka ja cok." Manomin ya ja. "Mayar." Ya mayar. "Yanzu fito ka gani."

Ya fito ya leƙa, ga marfin nan a rufe.

Tsohon ya kwance wayar daga jikin kafireta, ya taɓa marfin da yatsa, sai ya buɗe ba wuya. Ya ce, "Ka gani, marfin lafiyarsa ƙalau." Ya zare wayar daga cikin kubenta, ta fito da kyar, ja wur da tsatsa, ta kuma lanƙwashe kusa da maɗanni. Ya ce, "Ruwa ne ya daɗe yana shiga nan. In ka ja, tana jawuwa. In ka mayar, sai ta tanƙware a nan sama, ba ta kai saƙon ƙasa."

Ya goge ta, ya miƙe ta, ya ɗiga mata mai, ya mayar. Motar ta tashi, hayaƙin ya washe, muryar inji ta daidaita.

Manomin ya ce, "Baba, ba kananzir ba ne?"

Tsohon ya ce, "Wane kananzir? Wayar nan ce kawai."

Manomin bai ko wanke hannu ba, ya shiga motar ya kama hanyar garin surukan ƙanensa. Da ya iso ƙofar gidan, sai ya tarar an shimfiɗa tabarmi, maza suna zaune jugum. Yunana ya rasu da safiyar nan. Wanda aka aika don ya faɗa wa manomin, sun saɓa da shi a hanya.

Rifkatu ta fito, ta dubi motar, ta dube shi. Ta ce, "Yaya, ka zo. Ya bar maka saƙo. Ya ce a gaya maka bai taɓa man nan ba."

Manomin ya ce, "Na sani." Ya zauna a ƙasa kusa da tayar motar, ya yi kuka mai zafi, ba wanda ya iya ɗaga shi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Maɗannin da ke gefen sitiyari bakinmu ne, marfin da ke can ciki zuciyarmu ce. Mutum yana iya cewa "na yafe" a gaban dattawa, kowa ya ga maɗanni ya koma wurinsa, alhali ciki a rufe yake. Mutane bakin suke ji, amma Ubangiji marfin yake dubawa. Tsatsar kuwa girman kai ce da zargi, waɗanda suke taruwa kaɗan-kaɗan ba mu sani ba.

Ku lura kuma, manomin nan ya duba tanki, ya duba fulogi, ya tuhumi ɗan'uwansa, amma bai binciki abin da ke ƙarƙashin hannunsa ba. Haka muke yi a gidajenmu. In abu ya lalace, mun fi saurin neman mai laifi da neman inda laifin yake. Wani lokaci ma wanda muke taƙamar mun yafe wa, mu ne ya kamata mu durƙusa a gabansa.

Gyaran wayar bai kai sa'a ɗaya ba. Tafiyar ma ba ta da nisa. Jinkiri ne ya hana shi.

Wataƙila kana zaune a nan yau, akwai wanda ka gaisa da shi da hannu, amma ka daina cin abinci da shi. Roƙi Allah ya buɗe ka ya nuna maka abin da ke ciki. Sa'an nan ka tashi ka tafi wurinsa yau, tun yana da kunnen da zai ji ka.