Ƙafar Duna da Cinyar Rago

Akwai wani kuku da aka yi a Maraɗi ana ce masa Sha'ibu, zamanin mulkin Nasara, shekaru kaɗan bayan ruwan gulbi ya ci tsohon gari mutane suka hau tudu. Mutumin Tibiri ne, aiki ya zaunar da shi a Sabon Gari tare da matarsa Zainabu.

Wani Bature mai sayen gyaɗa yake yi wa girki. Sunan Baturen ya gagari bakin mutane, sai ake ce masa Mushe Dogo, wato Malam Dogo a bakin Faransawa, matarsa kuma Madam.

Sha'ibu ya iya girki, kuma ya san ya iya. Ba mugun mutum ba ne, amma yana da rauni biyu: son a yabe shi gaban baƙi, da saurin fushi.

Wata rana Mushe Dogo ya ce yana son karen da zai riƙa tsaron gida. Sha'ibu ya ce ai shi yana da kawu a Jiratawa, sunansa Kabo, manomi kuma maharbi, cikin Arnan da ba su bar al'adar kakanninsu ba. Duk kwarin nan an san karnukan Kabo da ladabi.

Aka aika masa. Ranar kasuwa sai ga tsohon a kan jaki, da zabin da ya saba kawo wa gidan, da wani ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin a cikin kwando.

Kabo bai miƙa wa Bature kwikwiyon ba. Hannun Sha'ibu ya sa shi.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san Nasara ba, kai na sani. Sunanshi Duna. Uwarshi ta taɓa tsaya mini gaban kura, shi ya sa ban ba kowa ɗiyanta. Amana ce."

Sha'ibu ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka kwantar da hankalinka. Wanga kare ya faɗo gidan daɗi."

Da gaske kuwa Duna ya shiga ransa. Duk inda ya juya a ɗakin girki, kwikwiyon na bin ƙafarsa. Idan ya koma gida, Zainabu takan hana shi taɓa ƙwaryarta sai ya wanke hannu, tana yi masa tsiya wai ya zama uban kare.

A ɗakin girkin akwai dogon tebur inda yake yanka nama. Wata rana yana gyaran kaza, sai ya riƙe ɗan ƙashi a bakin teburin. Duna ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya ɗora na gaba a jikin katako, ya karɓa.

Madam tana bakin ƙofa ta gani. Ta tafa hannu tana dariya, ta ce a sake.

Daga nan abin ya zama wasa. Duk lokacin da ƙawayenta suka zo, sai ta kai su ɗakin girki a nuna musu. Duna ya miƙe, a yi dariya, a yabi kuku. Sha'ibu ya riƙa jin kansa a sama.

Amma kwikwiyo ba ya zama kwikwiyo. Kafin damina ta faɗi, Duna ya yi tsawo. Teburin da a da yake miƙewa da ƙyar ya taɓa, yanzu da tsalle ɗaya yake hawa.

Ya fara da ɗauke man shanu. Sannan ya janye rabin burodi. Ranar da ya tafi da kifin da aka kawo daga gulbi, Madam ta ɓata fuska ta ce wa Sha'ibu ya hana karen nan hawan tebur.

Da Kabo ya kawo zabi, Sha'ibu ya kai masa kuka.

Tsohon ya shiga ɗakin girkin, ya dubi tebur, ya dubi kare. Ya ce, "Abin bai da wuya, jinkiri gare shi. Ka aje mashi kaskonshi can bakin ƙofa, ka shimfiɗa tsumma. In ya kwanta nan, ka ba shi abu. In ya ɗaga ƙafa ga tebur, ka ce sauka, ka juya mashi baya. Kada ka bar komi bakin tebur. Kada kowa ya sake ba shi abu daga sama, ko don wasa."

Sha'ibu ya ce, "To in na zane shi sau ɗaya fa, ba shi ke nan ba?"

Kabo ya girgiza kai. "In ka buge shi, tsoronka zai koya, ba barin tebur ba. Ka ba shi zuwa kaka."

Sha'ibu ya gwada, kuma abin ya fara kamawa. Duna ya soma kwanciya a kan tsummansa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu yana kallon wuƙa na aiki. Wani lokaci yakan manta ya miƙe, Sha'ibu ya ce sauka, ya sauka.

Sai wata yamma Madam ta shigo da wata baƙuwa da ta zo daga Damagaram. Ta ce, "Kuku, nuna mata wasan nan."

Sha'ibu ya tuna maganar kawunsa. Ya dubi matan biyu suna jira da murmushi. A ransa ya ce sau ɗaya ai ba zai ɓata komai ba. Ya riƙe tsoka a bakin tebur.

Duna ya tashi daga tsumma, ya tsaya yana kallonsa kamar mai tambaya. Sha'ibu ya kaɗa tsokar. Karen ya yi tsalle, aka yi dariya.

Bayan wannan an sake, an kuma sakewa. Da safe a ce masa sauka, da yamma a ce masa hau.

Ana cikin haka Mushe Dogo ya gayyaci Kwamandan, Baturen da ke mulkin garin, da matarsa cin abincin rana. Gidan ya ɗauki zafi tun asuba. Sha'ibu ya gasa cinyar rago yadda bai taɓa gasawa ba, ta yi ja, mai na tsatsafowa. Ya ɗora ta a bakin tebur ta huce, ya fita baranda kai miya.

Yana dawowa ya tarar da faranti a ƙasa. Duna na jan cinyar zuwa bakin ƙofa, yana kaɗa wutsiya.

Idon Sha'ibu ya rufe. Ya sunkuya ya zaro itace daga gefen murhu, ya kai wa karen duka da dukan ƙarfinsa. Itacen ya sauka a ƙafar gaba. Ƙarar ƙashin da kukan Duna suka kai har baranda.

Mushe Dogo ya shigo a fusace. Ya ga nama a ƙasa, ya ga kare na birgima. Bai tambayi komai ba, ya ɗauke Sha'ibu da mari.

Madam na bayansa. Sha'ibu ya dube ta yana jiran ta ce wani abu. Abin da ta ce wa mijinta shi ne, kuku ne ya lalata karen da ba shi abinci a kan tebur.

Mushe Dogo ya ce a fid da karen, ba ya son gurgu a gidansa, in ya sake ganinsa zai harbe shi.

Sha'ibu ya soya zabi biyu cikin gaggawa. Baƙi suka ci suka yaba, suka yi ta hira da dariya har la'asar. Babu wanda ya sake ambaton cinyar rago.

Ya koma gida kuncinsa a kumbure. Ya zauna a kan turmi yana ba Zainabu labari.

"Ita ta riƙa sa ni! Ita ke kawo baƙi a nuna musu! Yau kuma ni ne mai laifi, ni aka mara gaban mutane. Wanga wane irin zalunci ne?"

Zainabu ta ajiye tankaɗen da take yi. Ta ce, "Maigida, an zalunce ka, ban musa ba. An koya maka abu, ka yi shi, an mare ka. Kai kana da bakin da za ka zo ka faɗa mini. To shi karen fa, wa zai faɗa ma?"



Ta ce, "Ina ka baro shi?"

Ya miƙe ko hula bai ɗauka ba. A bayan gidan Bature ya same shi, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, ƙafar ta kumbura ta juya gefe. Da Duna ya gan shi, sai ya yi ƙoƙarin jan jiki ya gudu, ya kasa, ya saki fitsari a inda yake kwance.

Wannan ne ya karya zuciyar Sha'ibu. Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe shi. Washegari da sassafe ya ari jakin maƙwabcinsa Idirisa, ya kama hanyar Jiratawa.

Kabo na gyaran rumbu ya hango su. Ya karɓi karen, ya kira matarsa Dada ta riƙe masa kai. Ya ja ƙafar, ya jera mata karan dawa, ya ɗaure da tsumma. 

Da ya gama ya wanke hannu, sannan ya ce, "Mi ya yi?"

Sha'ibu ya ce, "Tebur ya hau, ya ɗauki nama."

"Wa ya koya mashi hawan tebur?"

Sha'ibu ya sunkuyar da kai.

Kabo ya ce, "Ƙashin ya rududduge, ko ya warke ba zai miƙe ba. Uwarshi kura ta tara. Shi ko zomo ba zai kama ba." Ya nisa. "Tashi ka tahi, kada ka makara ga aikin Nasara."

Da kawun ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Sha'ibu ya ci gaba da aikinsa. Mushe Dogo ya manta da maganar tun kafin kumburin marin ya saɓe. Amma Kabo bai sake taka gidan ba. Zabi ma sai dai ya ba wani ya kawo.

Bayan an gama girbin gero, Sha'ibu ya yi ƙarfin hali ya koma Jiratawa. Ya yi sallama ya shiga, sai ya tsaya cak.

Dada na zaune a tsakar gida tana yanka naman akuya a kan faifai, a ƙasa. Duna na kwance kusa da ita, hancinsa bai fi taki ɗaya daga naman ba. Bai taɓa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, ta bar faifan a buɗe. Bai motsa ba.

Sha'ibu ya ce, "Kawu, ya kuka yi mashi?"

Kabo ya ce, "Abin da na gaya maka. Ba mu ƙara komi ba. Mun dai jira."

Jin muryar Sha'ibu, Duna ya ɗaga kai. Ya miƙe a kan ƙafa uku, ta huɗun a lanƙwashe, ya ɗingisa ya shige bayan rumbu.

Sha'ibu ya kira sunansa a hankali. Karen bai leƙo ba.

Dada ta ce, "Bai ƙi ka ba, ɗana. Hannunka yake tsoro."

Sai Sha'ibu ya zauna a ƙasa, ya mai da hannuwansa biyu baya ya haɗe su. Ya zauna haka, rana ta bar tsakiya, inuwar rumbu ta miƙe har ta taɓa ƙafarsa. Sau ɗaya ya ga baƙin hanci ya leƙo, ya koma.

Mutumin da ya kasa haƙurin minti ɗaya a ɗakin girki, ranar ya yi haƙurin yini guda. Amma Duna bai fito ba.

Ya riƙa zuwa duk sanda ya sami hutu, shekara da shekaru. Kabo ya huce, suka koma hira kamar da. Duna ma daga baya ya daina ɓuya, yakan kwanta daga nesa yana kallonsa. Sai dai har ya tsufa ya mutu, bai sake karɓar komai daga hannun Sha'ibu ba.

Darasi: Kada ka hukunta na ƙasa da kai a kan halin da kai ka koya masa, ɗa ne, ma'aikaci ne ko dabba. Gyara yana son haƙuri da magana ɗaya, kuma abin da fushi ya karya cikin ƙiftawar ido, nadamar shekaru ba ta miƙe shi. Ku tura wa iyaye da duk wanda aka ba amanar wani rai, ko Allah zai sa wani ya ajiye itacen kafin ya sauka.