Yadda Akuya Ta Lashe Gudun Jarirai

Dalilin da ya sa ɗan akuya yake miƙewa ya yi tsalle tun jikinsa bai bushe ba, ɗan mutum kuwa sai ya shekara ana ɗauka ana saukewa kafin ya ɗaga ƙafa, shi zan gaya muku yau. Musamman ke Zulai, tunda kin ishe ni da tambayar yaushe ƙaninki Sadi zai yi tafiya, wai ɗan maƙwabta da aka haifa a bayansa har ya fara korar kaji. Ku matso. Hannu ya ci gaba da ɓarar gyaɗa, kunne ya saurara. Wanda na ga yana kai wa baki fiye da abin da yake zubawa a ƙwarya, a nan labari zai tsaya.

Can da, abin ba haka yake ba. Jariri ranar da aka haife shi, ranar yake tafiya. Kai, ba ma tafiya ba, gudu. Kafin a gama yanke cibi ƙafafu sun fara wutsil-wutsil, da an sake shi kuwa sai ƙofa. Ga ƙarfi a ƙafa, kai kuwa babu komai a ciki. Bai san wuta ba, bai san rijiya ba, bai ma san wadda ta haife shi ba.

Saboda haka haihuwa a lokacin aikin gayya ce. Mace tana fara naƙuda sai maza su kewaye gida, kowa ya tsare inda danga ta yi rauni. Ungozoma kuma ta ajiye kwando a gefenta, da yaro ya faɗo ta kife shi kamar kaza. Daga nan a ɗaura masa igiya a ƙafa, a kafa masa turke a tsakar gida. In kana so ka san yawan 'ya'yan mutum, turakunsa za ka ƙirga. Goyo kuwa ba wanda ya taɓa jin sunansa. Uwa ta je bakin turke ta shayar, yaro yana sha yana fizge-fizge, idonsa yana kan ƙofa.

To, igiya kuwa kun san halinta, wata rana sai ta tsinke.

A wani gari a gindin dutse akwai wata mata, sunanta Tasalla, mijinta Nomau. Haihuwarta ta fari namiji ne. Kwanansa tara a duniya gara ta ci turkensa, aka shiga ɗaki ɗauko tsintsiya aka fito, sai ramin turke. Aka bi gonaki, aka bi rafi, aka tambayi fatake. Ba a sake jin labarinsa ba. Tasalla ba ta yawan magana a kai, amma kullum in ta yi shara sai ta kewaye ramin nan, ba ta yarda ƙasa ta cike shi.

Da ta sake samun ciki, Nomau ya sari icen ƙirya ya sassaƙa turke mai kauri, ya tufka igiya riɓi uku. Ya ce, "Wannan ko jaki ba zai tsinka ta ba." Tasalla ta dubi igiyar, ta ce madalla, amma hankalinta bai kwanta ba.

Rannan da hantsi, ga ta da tsohon ciki, ta hau gefen dutse neman ice. Sai ta ji kuka a cikin wani kogo. Ta leƙa, ta ga akuya tsaye a kan ɗanta, hawaye na zuba. A lokacin awaki ba su zama a gida, a dawa suke, ba wanda ya san yadda suke renon 'ya'yansu. Ɗan akuyar yana kwance laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Tasalla ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Ciwo yake yi?"

Akuya ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Haka namu suke zuwa, ƙafa ba ƙarfi. In na tafi kiwo dila ya ɗauke shi, in na zauna gadinsa yunwa ta ƙafar mini da nono. Ba ni da hannun ɗaukarsa. Uku na rasa a kogon nan."

Tasalla ta sauke icenta ta zauna a kan dutse. Ta ce, "Ke naki ba ya tashi, ni nawa ba ya zama." Ta kwashe labarin ramin turke ta gaya mata. Kowace ta ji ciwon 'yar'uwarta.

Can akuya ta ce, "Ni dai harshena yana ɗaukar abu. In kin haihu ki kira ni kafin a ɗaura igiya. In lashe gudun da ke ƙafar naki, in zo in lasa wa nawa. Nauyin ƙafar nawa kuma ya koma kan naki. Ke kina da hannu biyu, kina da zane."

Tasalla ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Na yarda."

A nan ta yi kuskurenta, kuma ku riƙe shi. Ta tambayi akuya ko zai yi zafi, ta tambaye ta ta ina za ta shigo gida. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba, ita ce kuwa babbar.

Da ruwan shuka ya sauka Tasalla ta haihu, mace. Ungozoma ta kife jaririya da kwando, ta fita ɗebo ruwan zafi. Akuya ta kutso ta ƙasan danga. Maza suna tsaron abin da zai fita, wa zai kula da abin da ya shigo? Tasalla ta ɗaga kwando, akuya ta lashe ƙafafun nan tun daga cinya har tafin sawu, ta juya ta fice. Ƙafafun da suke harbin iska suka yi laƙwas.

Ungozoma ta dawo ta ɗaga kwando a hankali, tana shirin cafka. Yarinya tana kwance tana kallon rufin ɗaki. Ta taɓa ta, ba ta gudu ba. Ta yi salati.

Aka raɗa mata suna Yalwa. Kwana bakwai, kwana arba'in, Yalwa tana nan inda aka ajiye ta. Turken Nomau yana tsaye a tsakar gida, kaji na hawa. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga unguwa-unguwa, suna fita suna cewa, "Allah sarki, gurguwa aka haifa."

Uwar Nomau, wadda kowa ke kira Iya, tsohuwa ce mai ido. Ta lura surukarta ba ta kuka kamar yadda uwar gurguwa za ta yi. Ta kira ta ɗaki ta ce, "Ke 'yar nan, me kika sani wanda ban sani ba?"

Tasalla ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya.

Iya ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, na ji. Kin tambaye ta har yaushe?"

"Har yaushe me, Iya?"

"Har yaushe yarinyar za ta zauna a haka. Wata ɗaya? Shekara goma? Ko har ta mutu?"

Tasalla ta miƙe zumbur. Ta bar Yalwa a hannun Iya ta hau dutse da gudu. Kogo wayam. Akuya ta samu ɗa mai gudu, sun bi ciyawa sun yi nisa. Tasalla ta zauna a bakin kogon ta yi kuka mai isarta. Tsoron kada 'yarta ta ɓata ya sa ta, ga shi yanzu tana ganin da hannunta ta nakasa ta.

Amma kuka ba ya ɗebo ruwa, aiki kuma yana jira. In ta bar Yalwa a ɗaki ta tafi rijiya, yarinya ta tsala ihu. In ta riƙe ta a hannu, ba hannun ɗaukar tulu. Rannan haushi ya ishe ta, ta ɗora ta a baya, ta jawo wani zane ta ɗaure. Yarinya ta yi tsit, har da barci. Matan rijiya suka yi ta dariya, wai Tasalla ta zama jakar fatake, an yi mata lodi. Goyon farko ke nan a duniya, kuma da dariya aka tarbe shi.

Sai wani abu ya fara faruwa wanda ba a saba gani ba. Wata biyu, Tasalla tana yi mata wanka, Yalwa ta tsaya ta kalli fuskarta sosai, ta yi murmushi. Ku ba ku san girman wannan ba. 'Ya'yan turke ƙofa suke kallo, ba uwar da ta taɓa samun wannan kallon. Tasalla ta kira Nomau ya zo ya gani, shi ma aka yi masa, ya rasa inda zai sa kansa don daɗi.

Wuyan Yalwa ya tsaya. Wata shida ta zauna, ana tokare ta da matashi. Tana bayan uwarta a rijiya, a gona, a bakin murhu. In ta miƙa hannu wajen wuta a ce mata, "Kul, zafi!" ta janye. Iya ta ce, "Ƙafa dai shiru, amma kan nan yana cika."

Wata takwas kuma sai ga sabon tashin hankali. Yalwa ta kifa, ta dafa hannu biyu da gwiwa biyu, ta kama tafiya da ƙafa huɗu. Kuma duk abin da ta samu sai baki: ƙasa, bakin zane, takalmin Iya, har igiyar Nomau ta tauna. Labarin akuya ya riga ya fita, sai gari ya ɗauka, "Ai ga shi nan, akuya za ta zama!" Tasalla ta shiga uku. Kullum da safe kafin ta wanke ido sai ta shafa kan yarinyar, tana laluben ƙaho. Nomau ya ce, "Ko ƙahon ne ya fito, tawa ce." Amma shi ma na ji an ce yakan shafa in ba kowa.

Haka aka ci rani. Yalwa ta fara dafa turmi tana miƙewa, ta yi rawar ƙafa, ta koma daɓas. Ta miƙe, ta koma. Tasalla ta daina sa rai don kada ranta ya ƙara ɓaci.

Damina ta zagayo. Wata safiya bayan ruwa, Tasalla tana tsugune a bakin murhu tana hura wuta, Nomau ya fita da fartanya ya bar ƙyaure a buɗe. Yalwa tana tsakiyar gida dafe da turmi. Iya ce ta fara gani: yarinya ta saki turmi, tana tsaye ita kaɗai.

Tsohuwa ta manta ciwon gwiwarta. Ta kwarma ihu, "Ta tashi! Jama'a a tare ƙofa! Nomau, igiya!"

Nomau ya yar da fartanya ya faɗo gida ya suri igiya. Maƙwabta suka yo waje, kowa ya kama danga kamar ranar haihuwa. Tasalla kuwa ta kasa motsi. Ƙyaure a buɗe yake, yana kusa da yarinyar fiye da yadda ita take kusa da ita, kuma ramin tsohon turken nan yana tsakanin uwa da 'ya.

Yalwa ta kalli ƙofa. Ta kalli hanya, ga kaji, ga yara, ga duniya a buɗe. Sannan ta juya mata baya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗayar. Ta faɗi, ta tashi. Hannu a sama, tana tangaɗi kamar tulu a kan sabuwar mai ɗauka, taku biyar, shida, ta zo ta faɗa jikin uwarta ta ce, "Inna."

Tun da aka fara haihuwa, ba a taɓa ganin ɗan da ya samu ƙafa ya nufi uwarsa da ita ba. Tasalla ta rungume ta, tana dariya tana kuka, tana cewa, "Alhamdu lillahi, ashe lokaci ne, ashe lokaci ne kawai." Nomau yana tsaye da igiya riɓi uku a hannu, ba abin ɗaurewa. A ranar Tasalla ta ɗebo ƙasa ta cike ramin nan da hannunta.

Bayan kwana kaɗan sai ga akuya a ƙofar gida, ta rame, tana haki. Tasalla ta ce, "Baiwar Allah, ashe shekara ɗaya ce! Me ya hana ki gaya mini?"

Akuya ta ce, "Kin tambaya? Ni yanzu ba wannan ba. Ɗan nan tun da na lasa masa gudun nan ban huta ba. Ba ya jin kira, ba gonar da bai shiga ba. Turken nan naku da igiya, kuna amfani da su?"

Nomau ya ce, "Ga su nan, har da dusa."

Matan gari da suka ga yadda Yalwa take bin uwarta ba igiya, kowace mai ciki ta nemi akuyarta. Kafin 'yan shekaru gudun ya ƙare a ƙafar jarirai kaf, ya koma ƙafar awaki, turaku kuma suka bi shi.

Shi ya sa har yau ɗan akuya yake tashi ranar da aka haife shi, kuma shi ake ɗaurewa a turke. Ɗan mutum kuwa sai an goya shi, ya san ƙamshin uwarsa da muryarta, ya san wuta da zafi, sannan a ba shi ƙafa. Rarrafe da ƙafa huɗu da kai komai baki, wannan ragowar yawun akuya ne, yana wucewa. Wani ya tashi kafin shekara, wani sai ta gota, don ba duka awaki ne harshensu ɗaya ba.

Saboda haka Zulai, ki daina auna Sadi da ɗan maƙwabta. Maza cire masa ɓawon gyaɗar nan daga baki, kin ga aikin akuya ko? Ranar da zai saki bango kuma, kada ki tsaya kallon ƙafarsa. Ki duba wajen wa zai nufa.