Banɗakin Kansila

Akwai wani kansila da mutanen unguwarsa suka laƙaba wa suna Ana-Kan-Aiki, domin duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan. A gidansa kowane ɗaki da banɗakinsa, har ɗakin maigadi. 'Yan kasuwar unguwar kuwa, in cikin mutum ya murɗa, sai dai ya rufe rumfa ya ruga gida.

Da suka ishe shi da koke, sai ya ba ƙanin matarsa kwangilar gina musu banɗaki. Gogan naka ya ɗaga bango ɗaya tak, ya kafa ƙofa, ya shafa fenti. Kansila ya zo yana toshe hanci, ya yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto, ya shige mota. Ko ƙofar bai tura ba.

Tun daga nan mutane suka daina fita zaɓe. Wani mai facin taya ya ce, "Kan me zan ɓata yatsana da tawada?"

Da zaɓe ya sake ƙaratowa, kansila ya dawo kasuwar domin neman ƙuri'a. Ya hau benci yana ɗaga murya: "Wa ya gina muku banɗaki na zamani?"

Bai rufe baki ba cikinsa ya juya. Gumi ya karyo masa. Ga gida da nisa, ga hanyar da bai gyara ba duk ramuka.

Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta lura da yadda yake matse ƙafa. Ta ce, "Ɗana, kada ka cuci kanka, ai ga naka can."

Jama'a suka buɗe masa hanya cikin ladabi. Ya tattare babbar riga, ya ruga, ya banka ƙofa ya shige. Sai ga shi tsaye a fili, awaki na kallonsa, mahauta na ɗaga masa hannu.

Ya leƙo a gigice. "Jama'a, ina sauran ginin?"

Mai faci ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ana kan aiki."

A wannan zaɓen kowa ya fito, har tsohuwar da sandarta, kuma ba shi suka dangwala wa ba.

Darasi: Shugaban da ya yi wa talaka aikin hoto, wata rana shi zai tura ƙofar. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu cewa ƙuri'a ba ta da amfani.