Jingar da Bagudu Ya Ƙi

A wani zamani mai nisa, lokacin da fatake ke ratsa daji da raƙuma da jakuna, an yi wani Sarki wanda arzikin birninsa ya dogara ga ayari. Tsakanin birnin da zango na ƙarshe ta arewa akwai wani fili da ake kira Fako, ba rafi, ba tafki, ba ko inuwar kirki. Duk shekara idan bazara ta kama sai an bar gawar raƙumi a can, wani sa'i har da ta mutum. Da madugai suka fara maganar sauya hanya, sai Sarki ya ba da umarni a haƙa rijiya a tsakiyar Fako, ya ɗora wa Wazirinsa Dikko nauyin nemo mai haƙa.

Waziri bai yi dogon tunani ba, domin kowa ya san Bagudu. Bagudu ba bawan Sarki ba ne, ba kuma baran kowa ba. Aikin jinga yake yi: a kira shi, a daidaita, ya haƙa, a sallame shi, ya wuce wani gari. Da haka ya tsufa, har gemunsa ya yi fari, kuma rabin rijiyoyin ƙasar hannunsa ne.

Waziri ya aika aka kira shi, ya shimfiɗa masa buzu, ya faɗa masa buƙatar Sarki da irin ladan da za a ba shi. Bagudu ya sunkuyar da kai. A wannan shekarar matarsa Tabawa tana kwance da ciwon ƙirji, kuma ya riga ya yi mata alkawari cewa wannan rani a gida zai yi shi. Tun aurensu bai taɓa cika rani ɗaya a gabanta ba. 'Ya'yansu biyu da suka rasu suna ƙanana, duk yana cikin rami a wani gari aka kai masa labari.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Bana ba zan iya ba."

Waziri ya lallashe shi, ya ƙara lada, Bagudu ya yi ta ba da haƙuri. Da ya ga fuskar Waziri ta canja, kunya ta kama shi, yana neman abin da zai faɗa ya samu ya fita, sai ya ce akwai Jatau, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu kuma yana cin gashin kansa. Waziri ya tambaye shi ko Jatau zai iya, ya ce zai iya.

Tun a hanyar gida zuciyarsa ta fara juyawa. Ya tuna aikin Sarki ne ya ƙi, wataƙila ba za a sake kiransa ba. Ya tuna mutanen da ƙishirwa ke kashewa a Fako. Ya tuna kuma ƙasar wurin rairayi ce, Jatau kuwa ya fi sabawa da marmara. Maƙwabta suka ƙara masa, wani ya ce girman kai ne, wani ya ce tsufa ne ya kama shi yana ɓoyewa. Tabawa ta lura ba ya cin abinci, ta ce idan hankalinsa na can ya tafi, ita ta yafe alkawarin.

Da safe ya saka riga ya nufi gidan Waziri don ya ce ya sake shawara. A ƙofar gidan ya yi kiciɓis da Jatau yana fitowa, da sabuwar igiya a kafaɗa, fuskarsa kamar an ba shi sarauta. Jatau ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, an faɗa mini kai ka ambaci sunana. Allah ya saka maka. Ban taɓa zaton za ka yarda da hannuna haka ba."

Bagudu ya fasa faɗin maganar da ya zo da ita. Karɓe aikin a yanzu tamkar zare loma ne daga bakin yaronsa a gaban jama'a. Sai kawai ya ɗaga shi, ya gargaɗe shi cewa kada ya yarda ya nitsa cikin rairayi ba tare da ya tokare bangon ramin da itace ba. Jatau ya ce ya ji. Bagudu ya juya gida.

Aka ɗora wa Sarkin Zango, mai kula da masaukin fatake, alhakin kai wa ma'aikata ruwa da abinci da itace. Aiki ya yi nisa, labari mai daɗi yana zuwa, har aka ce an fara ganin danshi. Sai wata rana da hantsi wani mai raƙumi ya shigo gari da labarin cewa rijiya ta rufta, Jatau yana ciki, kuma an yi tono har an gaji ba a kai gare shi ba.

Daga ranar Bagudu ya zama wani mutum. Yana zaune kusa da shimfiɗar Tabawa, yana ba ta kunu, yana yi mata fifita, amma idonsa na kan bango. Ya kasa zuwa gaisuwa gidan Lantana, matar Jatau. Sau da yawa yakan kama hanya, idan ya hango zauren sai ya juyo. A ransa magana ɗaya ce ke kai da komo: da ya karɓa, da Jatau na raye.

Wata rana da la'asar Tabawa ta kama hannunsa ta ce, "Malam, ka ƙi aikin Sarki don ka zauna da ni. Ga ka a zaune, amma ni har yau ban gan ka ba."

Ya yi ƙoƙari bayan haka, yana ba ta labaran garuruwan da ya je, tana murmushi. Amma ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Kafin ruwan farko ya sauka ta rasu, kanta a kan cinyarsa.

Bayan an share makoki, Bagudu ya tafi fada ana tsakiyar zama, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya kawo ƙara. Sarki ya tambaye shi wa yake ƙara, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kaina nake ƙara. Ni na kashe Jatau. An ba ni aiki na ƙi, na tura shi don in samu hanyar fita. A yi mini hukunci."

Sarki ya dubi malamai, suka ce a shari'a babu laifi a kan ɗan jinga idan ya ƙi aikin da bai riga ya karɓa ba. Bagudu ya saurara da ladabi, amma kowa ya ga maganar ba ta shige shi ba. Sai Waziri ya nemi Sarki ya ba shi lokaci kaɗan, ya ce akwai abin da yake bincike.

Da ranar da aka sa ta zo, fada ta cika. Waziri ya sa Bagudu a gaba ya ce kafin a yi hukunci Sarki yana da aiki na gaggawa. Rijiyar wani ƙauye a gabas ta ƙafe, ta wani a yamma ta tsage, ta wani a kudu kuma dabba ta faɗa ta mutu a ciki. Dukansu yau ake so a fara, kuma duk wanda ya mutu a inda Bagudu bai je ba, jininsa na wuyansa.

Bagudu ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba adalci ba ne. Jiki ɗaya gare ni. Duk inda na je, na bar wani wuri."

Waziri ya ce, "To, ranar da na kira ka, wuri biyu ke nemanka, Fako da ɗakin matarka. Jiki nawa gare ka a ranar?"

Bagudu ya ce, ko da haka ne, shi ya ambaci sunan Jatau, alhali ya san aikin ya fi ƙarfinsa.

Sai Waziri ya sa aka shigo da ma'aikatan da suka yi aiki tare da Jatau. Suka ba da shaida cewa Jatau ya tokare ramin da itace tun daga sama, gaba bayan gaba, har itacen ya ƙare. Ya aika wa Sarkin Zango a ƙaro, aka ce babu. Ya dakatar da aiki, sai Sarkin Zango ya zo da kansa ya ce babban ayari na tafe, idan ba a ga ruwa kafin isowarsa ba zai gaya wa Sarki cewa Jatau ya ci amana, a karɓe aikin a kunyata shi tare da wanda ya kawo sunansa. Jin haka Jatau ya hana kowa sauka, ya sauka shi kaɗai. Itacen da Sarki ya bayar kuwa, dogarai sun same shi a rufin sabon soron Sarkin Zango.

Sarkin Zango ya fara rantse-rantse, daga baya ya faɗi yana neman gafara. Sarki ya tuɓe shi nan take, ya sa a rushe soron a mayar da itacen Fako, a ba Lantana da 'ya'yanta diyya daga dukiyarsa, shi kuma a tsare shi. Sa'an nan Sarki ya ce shi ma yana da nasa kason, tunda ya ba da aiki bai aika an duba ba, don haka ciyar da marayun ya koma wuyansa har su girma.

Lantana tana zaune a gefe cikin mayafi. Ta nemi izinin magana, ta juya wajen Bagudu.

Ta ce, "Baba, na jira ka a zaman makoki ba ka zo ba, wannan ya fi mini ciwo. Kuma ina roƙonka ka daina cewa aikin ya fi ƙarfinsa. Bai fi ƙarfinsa ba, itace aka hana shi. Duk sanda ka ce kai ka kashe shi, kana cewa ne shi ba gwani ba ne. 'Ya'yansa suna ji."

Bagudu ya rufe fuska da hannun riga. Sarki ya ce ya sallame shi, babu laifi a kansa, kuma ba zai tilasta masa komai ba, amma rijiyar Fako tana nan a rufe, in ya so ya karɓa, in ya so ya bari.

Bagudu ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, aka ba shi. Da kaka ta yi ya dawo ya ce ya karɓa, da sharaɗin a fara tono Jatau a yi masa sutura kafin a nemi ruwa. Haka aka yi. Shi da kansa ya sauka ya ɗauko abin da ya rage na yaronsa, aka yi masa salla, aka binne shi a kan wani tudu kusa da hanya. A cikin tonon Bagudu ya ga yadda Jatau ya jera itacen, ya kira ma'aikata ya nuna musu, ya ce shi kansa ba zai yi fiye da haka ba. Da ya koma birni ya je gidan Lantana, ya tara yaran ya maimaita musu wannan magana.

Rijiya ta ba da ruwa mai daɗi, ayari ya ci gaba da bin hanyarsa, aka naɗa sabon Sarkin Zango mai tsoron Allah, ƙasa ta zauna lafiya. Bagudu ya ƙara wasu shekaru yana aiki, wani aikin ya karɓa, wani ya ba da haƙuri. Gidansa dai ya zama shiru, ba mai jiran dawowarsa. Fatake sun ce sukan gan shi wani lokaci a Fako, ba aiki ya kai shi ba, yana zaune a gindin tudun nan har rana ta yi sanyi, sa'an nan ya hau jakinsa ya koma.

Iyakar abin da ya zo mana na labarin Bagudu ke nan. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.