Motar Rabo Da Kwalaben Inusa

Akwai wani direba a unguwar Zariya ta Maraɗi, sunansa Rabo. Yana da tsohuwar a-kori-kura, da ita yake ɗauko wa matan Jiratawa tumatir da zogale zuwa kasuwa. Ya iya tuƙi, ba zan hana masa wannan ba. Amma in ya kafe kan magana, gara ka yi da bango.

Gida ɗaya suke da mahaifiyarsu Tabawa da ƙanensa Inusa. Inusa ɗan ruwa-ruwa ne, yana jera kwalaben esansi, wato fetur da ake shigowa da shi daga Jibiya, kan tebur a ƙofar gida, 'yan kabu-kabu suna tsayawa su saya. Motar Rabo kuwa gefen teburin take kwana.

Sai mota ta canza hali. Da safe ya murɗa makulli, ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, sai an tura. Man da ke kai shi Jiratawa ya dawo har ya leƙa Tsibiri, yanzu kafin ya shigo gari ya ƙare.

Matarsa Tsahara ta ce, "Maigida, ka kai ta garaji mana."

Ya ce, "Ke mi kika sani ga mota? Ina tuƙi tun kina goye."

Ya duba da kansa. Ya canza buji, wato fulogi, ya hure filta. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya ga bai ragu ba, har ma ya haura. Ya ce injin da ba ya shan baƙin mai ai lafiyarsa lau. Ya leƙa ƙarƙashi, ba ɗigo ko ɗaya. To ina esansi yake tafiya? Yana ɗaga kai idonsa ya sauka kan kwalaben Inusa.

Bai ja ƙanensa cikin zaure ya tambaye shi ba. Kai tsaye ya wuce wurin mai unguwa, ya ce Inusa na satar masa mai. Kafin ka ce me, ƙofar gida ta cika, har da masu leƙe ta katanga.

Inusa ya ce, "Yaya, ni? Ni da nake tura maka ita kullum da safe?"

"Don ka san abin da ka zuƙe mata."

Inusa ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Nan Tabawa ta ratso mutane, mayafi na jan ƙasa, ta ce ba za a yi rantsuwa tsakanin 'ya'yan cikinta ba tana raye. Tsoro take kada abin ya faɗa wa ɗayansu. Mai unguwa ya girmama tsohuwa, ya sallami taro. Mutane suka watse suna cewa, uwa ta san halin ɗanta, shi ya sa ta hana.

Daga ranar teburin Inusa ya mutu. Ɗan kabu-kabu zai rage gudu ya ce, "Wanga na Jibiya ne ko na yaya?" ya wuce yana dariya. Wanda ke ba shi kaya ya daina. A masallaci in ya aje takalmi, na kusa ya janye nasa. Da abin ya ishe shi, ya kife tebur, ya bi masu zuwa haƙar zinariya can arewa.

Inusa ya tafi, mota ba ta daina shan mai ba. Rabo ya gani sarai. Ya ɓoye zancen, yana fatan gobe ta gyaru, don bai san da bakin da zai faɗa ba.

Wata rana ya ɗauko kaya daga Jiratawa, inji ya yi ƙara ya tsaya cak. Mata suka zauna bakin hanya suna kallon tumatirinsu yana narkewa a rana. Aka ja motar zuwa garajin wani makaniki, Ɗanjuma. Da ya kwance ƙasan inji, baƙin mai ya zubo tsararo kamar ruwa, yana warin esansi.

Ɗanjuma ya ce, "Robar cikin famfon esansi ce ta tsage. Man da kake nema nan yake zuba, cikin inji. Shi ya sa ka ga baƙin mai na ƙaruwa, shi ya sa ba ta tashi da safe. Da ka kawo ta tun fari, aikin yini guda ne. Yanzu kam inji ya tafi."

Rabo ya zauna kan tsohuwar taya. Ya kira lambar Inusa, ba ta shiga. Ya bi waɗanda suka dawo daga arewa, suka ce tun Agadas suka rabu da shi, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Ya je ya durƙusa gaban Tabawa, ya ce, "Inna, ki yafe mani."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Ni ka kira ɓarawo? Tashi ka tara mutanen da ka tara."

Mai unguwa ya aika gida-gida, aka shimfiɗa tabarmi. Wannan ya ce yana kasuwa, wancan ya ce baƙi gare shi. Rabo ya tsaya ya wanke ƙanensa gaban mai unguwa da wasu tsofaffi waɗanda dama can nan suke yini.

Yana fitowa ya tare wani ɗan kabu-kabu, ya ce, "Don Allah ka gaya wa 'yan'uwanka, Inusa bai ɗauki komai ba."

Mutumin ya ce, "Wane Inusa? Au, wanda ya saci man yayansa?" Ya ja babur ya wuce.

Darasi: In abu ya lalace maka, ka kai wa mai sani ya duba kafin ka ɗora wa mutum. Girman kai ne ya hana Rabo zuwa garaji, ya rasa mota, ya rasa ƙane. Kuma ku sani, masu taruwa ranar ƙazafi ba sa dawowa ranar wankewa. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman masu saurin nuna yatsa a cikin gida.