Injin Feshin da Aka Ce An Wanke

Akwai wani manomi da duk ƙauyensu aka san shi da gaskiya. Shi ma ya san an san shi, yana kuwa jin daɗin abin. A wurinsa ƙarya hawa-hawa ce. Akwai babba, wadda ba zai taɓa yi ba, akwai kuma maganar da aka ɗan rage mata wani abu, wannan kam bai ɗauke ta zunubi ba.

Wata rana maƙwabcinsa ya zo aron injin feshi, gama tsutsa ta faɗa wa wakensa, kuma da waken nan iyalinsa za su ci abinci bana. Ya ce, "Ɗan'uwa, na san maganin ciyawa ka fesa da shi. Ka wanke?"

Manomin ya ce, "Na wanke." Ya dai zuba ruwa a tankin, ya girgiza ya zubar, amma bai sa sabulu ba, bai taɓa tiyon ba. Ya san wannan ba wanki ba ne, sai dai kunyar a ce masa malalaci ta sa ya tsaya a nan.

Bayan 'yan kwanaki ya bi ta gonar maƙwabcin, sai ya tsaya cik. Ganyen waken ya nannaɗe, furen ya zube tun daga wannan iyaka har waccan. Nan take ya gane ragowar maganin ciyawar da ya bari a injin ne ya yi wannan ɓarna.

Maƙwabcin ya taho hannu a ka, ya ce, "Ɗan'uwa, mai shagon magani ya cuce ni! Matata ta ce ko injinka ne, na tsawata mata, na ce bakinka bai san ƙarya ba. Zo mu je gaban mai gari ka zama shaidata."



Ma'anar wannan misali ita ce, akwai gaskiya tsantsa, akwai ƙarya tsirara, akwai kuma garwaye a tsakaninsu. Ƙarya tsirara mutane sukan gane ta su kauce. Garwayen ne ake haɗiyewa, musamman daga bakin wanda aka amince da shi. Ƙaunatattu, Ubangiji ba kalmomin bakinka kaɗai yake aunawa ba, har da abin da ka bar ɗan'uwanka ya tafi yana gaskatawa. In ka san ya fahimce ka ba daidai ba ka yi shiru, ka riga ka yi masa ƙarya, wani marar laifi kuma zai tsaya gaban shari'a a madadinka.